Kada a sayar da garka saboda hoton bakin teku

Juma'a biyu da suka wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo ya tare ni a ƙofar gida. Ɗansa ya zauna a ajina shekara goma sha uku baya, a aji shida, yaro mai kai wanda ba ya jira a maimaita masa lissafi. Yanzu yana da lisans, yana kuma koyarwa a wata lakwal ta ƙauye a matsayin ɗan kwantaragi, shekara ta uku ke nan. Muka gaisa, muka tambayi iyali, sai dattijon ya ciro salula daga aljihu ya ce: "Mushe, shawara na zo nema, ko da yake ɗanka ya riga ya yanke tasa." Ya nuna mini hoto. Farin yashi, ruwa shuɗi kamar an zuba bula, itatuwan kwakwa, da wani dogon otel. Bayan hoton akwai saƙon murya na wani mutum da ba su taɓa gani ido da ido ba, yana cewa otel-otel na tsibirin Sal, a ƙasar Kap-Ber, suna neman matasa masu jin Faransanci, albashi ya haura jika ɗari, abin da ake bukata kawai jika ɗari takwas na tikiti da takardu. Dattijon ba shi da jika ɗari takwas. Abin da yake da shi garka ce a bakin gulbi, wadda ya gada, wadda ke ba gidansa albasa da tumatir da kuɗin cefane duk rani. Har an yi mata ciniki.

Na ce masa ya ba ni kwana bakwai. Ranar Litinin na kai maganar wurin abokan aikina lokacin hutun ƙarfe goma, ina zaton zan sami masu taya ni. Sai na ji akasin haka. Ɗaya ya ce: "Ka bar yaro ya tafi, me ya rage a nan?" Wani ya ce da shi ne yake da garkar da tuni ya sayar. Wata malama ta ce ai tafiya mabuɗin ilimi ce. Duk cikinsu babu wanda ya iya nuna mini ƙasar a taswirar da ke rataye a bayansu. Saboda su nake wannan rubutu, da iyayen da ke jin maganar malami kamar hukuncin alƙali. Wanda ya ce wa yaro "tafi" alhali bai san inda yake tura shi ba, ya ci amanar yaron, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Mu fara da taswirar. Kap-Ber, wadda a hukumance ake kira Cabo Verde tun 2013, tsibirai goma ne a tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar, tara daga cikinsu ne ke da mutane. Sunanta ya shiga bakin samarinmu a fada tun watan Oktoba na 2025, lokacin da ƴan ƙwallonta suka sami gurbin gasar cin kofin duniya karo na farko. To ɗauki rula ka ɗora a kan birnin Praia, hedikwatar ƙasar, ka bi layin da ke kwance zuwa gabas. Za ka faɗo a Tahoua. Ɗora ta a kan tsibirin Sal, za ka faɗo kusa da Agadez. Ƙasar nan Sahel ce da aka jefa cikin teku, shi ya sa ma take cikin CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari, tare da mu. Hazon da ke rufe mana ido a watan Janairu yana ƙetare ruwa ya same su, suna ce masa bruma seca, har yakan hana jiragen sama sauka. Sunan Sal kansa gishiri yake nufi. Tsibirin ba shi da kogi, damina ba ta cika ziyartarsa ba, ruwan da ake sha na teku ne da injuna ke cire wa gishiri, a sayar wa mutane da tsada. Itatuwan kwakwan da dattijo ya nuna mini a harabar otel suke, ban ruwa ake yi musu.

A shekarun 1940 fari da yunwa sun kashe dubun-dubatar mutane a waɗannan tsibirai, Turawan Fotugal kuma suka riƙa kwasar waɗanda suka tsira zuwa gonakin koko na Sao Tome. Shahararriyar waƙar Cesária Évora mai suna Sodade a kan wannan tafiya aka yi ta. Mutanen da suka san fari kamar yadda muka san shi, suka kuma san ci-rani fiye da mu, su ne ake cewa suna zaune a aljanna suna jiran ɗanmu ya zo su ba shi aiki.

Amma ba ruwan sama ne ya fi damuna ba. Ƙanƙantar wurin ce, kuma a nan ne nake ganin masu cewa "tafi" ba su yi tunani ko kaɗan ba. Ƙidayar 2021 ta sami mutum ƙasa da 500,000 a ƙasar baki ɗaya, wato ba su kai rabin mutanen Yamai ba. Fiye da rabinsu suna tsibiri ɗaya, Santiago, inda Praia take. Sal da ake kiran yaron nan, tsawonsa kimanin kilomita 30 ne, faɗinsa 12. Mai babur zai gama shi tsakanin azahar da la'asar. Yanzu ka tambayi kanka, a wuri irin wannan, kamfani nawa ne ke bukatar mai lisans? Banki nawa, makarantar sakandare nawa, ofis nawa? Aiki na farko ba shi ne abin dubawa ba, kowa yana iya samun aiki na farko a ko'ina in ya yarda ya ɗauki kaya. Abin dubawa shi ne na biyu da na uku. A babban gari, in mai gida ya wulaƙanta ka, ka bar shi ka tsallaka titi ka sami wani. A Kano ko Kwatano ko Abijan mutum yana iya faɗuwa sau biyar ya tashi sau biyar ba tare da wanda ya kore shi jiya ya san inda yake yau ba. A tsibiri mai manyan iyayen gida ƙalilan, waɗanda duk sun san juna, suna cin abinci tare, in ɗaya ya ce ba ka da kirki, to ka gama da duka. Tsanin kuma gajere ne. Mukamin da ke sama da naka guda ɗaya ne ko biyu, mai shi kuma ba zai mutu ko ya yi ritaya don ka iso ba. In ma ya tashi, akwai ɗan ƙasa da ya yi karatu a Lisbon yana jira, ɗan ƙanwar wani ne, abokin karatun wani ne. Wannan ba mugunta ba ce, haka ƙaramin gari yake. Mu da muka san yadda ake rabon aiki a garuruwanmu bai kamata a yi mana bayanin wannan ba.

Sai harshe. Mai saƙon murya ya ce ana neman masu jin Faransanci, wannan kalma ce ta sace zuciyar yaron, don Faransanci ne kaɗai jarin da lakwal ta ba shi. Harshen hukuma a Kap-Ber na Fotugal ne. Da shi ake koyarwa tun daga firamare har jami'a, da shi ake rubuta takardar aiki, da shi alƙali ke shari'a. Harshen gida da kasuwa kuma Kriolu ne. Malamin da ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu ba zai tsaya gaban aji ba, diplom ɗinsa kuma sai hukumar can ta tantance shi ta amince kafin ya zama wani abu fiye da takarda. Gaskiya ne ana koyar da Faransanci a makarantun sakandarensu, ƙasar ma tana cikin ƙungiyar Francophonie. Amma suna horar da nasu malaman, kuma in ana neman baƙo mai Faransanci, ga ƴan Senegal da ƴan Gine nan zube, sun riga mu zuwa da shekaru, suna jin Kriolu, wasu sun yi aure a can. A otel ɗin ma, baƙin da suka fi yawa daga Ingila suke zuwa, sai Jamus da Fotugal da Holan da Faransa da Beljiyam. Wanda ake sa wa a teburin karɓar baƙi mai harshe uku ne ko huɗu. Mai Faransanci da Hausa kawai, wurinsa ɗakin wanki ne, ko madafa, ko gadi, ko ɗaukar bulo a inda ake gina sabon otel. Ba na raina waɗannan ayyuka, ubana da hannunsa ya ci abinci. Amma a faɗa wa yaro gaskiyar aikin da zai je yi, kada a bar shi ya ajiye alli yana zaton kujera ke jiransa.

Mu zo kan kuɗi, tunda jika ɗari ce ta rikita kowa. A wannan, mai saƙon murya bai yi ƙarya ba, abin da ya sa maganarsa ta fi haɗari ke nan. Kuɗin ƙasar, eskudo, a ɗaure yake da yuro kamar sefa ɗinmu: yuro ɗaya eskudo 110 ne da ƴan kai, a wurinmu kuma sefa 656 ne saura kaɗan. Ke nan eskudo ɗaya ya kusa sefa 6. Albashi mafi ƙanƙanta a kamfanoni masu zaman kansu a can eskudo 17,000 ne a 2025, wato kimanin jika 101. Namu jika 42 ne tun 2024. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce a sayar da garka yau ma. Na sa yaron ya zo gidana da dare, na ba shi alli da allon ƴaƴana, na ce: "Ɗana, rubuta 101 a sama, mu fara cirewa." Ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na filinta ke nomuwa, mafi yawan abincinta daga waje jirgin ruwa ke kawo shi. Shinkafa, mai, sukari, madara, garin alkama, duk sun yi tafiyar teku kafin su iso Praia ko Mindelo, wasu su sake wata tafiyar kafin su iso Sal. Ruwan sha saye ne. Wutar lantarki tana cikin masu tsada a Afirka, don mafi yawanta da man da aka shigo da shi ake samar da ita. Ɗaki kuma, a tsibirin da Turawa ke sayen gidajen hutu, ba a yi shi don mai wanke kwanuka ba. A tsibirin Boa Vista, dab da garin Sal Rei, akwai unguwar da aka daɗe ana ce wa Barraca, wadda ta tashi da ɗakunan langa-langa da katako, inda ma'aikatan otel da na gini suka taru, ƴan ƙasa daga wasu tsibiran da baƙi daga yammacin Afirka. Wannan unguwa ba ta fitowa a hoton da ake turo wa iyaye.

A ƙauyen da yaron ke koyarwa, ɗakinsa kyauta ne, mai gari ya ba shi. Iyayen yara suna kawo masa hura da damin hatsi lokacin kaka. In kuɗin wata ya yi jinkiri, mai kanti yana ba shi bashi don ya san ubansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin takardar albashi, shi ya sa ba ya lissafa su, amma su ne ke riƙe da shi. Ranar da ya sauka a filin jirgin Amílcar Cabral na Sal, duk sun ƙare, sai abin da ke aljihunsa.

Kada wani ya ce ban san halin da ɗan kwantaragi ke ciki ba. Na yi shi kafin a ɗauke ni aiki na dindindin. Na taɓa yin wata uku ina zuwa aji da takalmin da aka ɗinke sau huɗu, ina jiran kuɗin da ba a ce ga ranar zuwansa ba. Na san abin da ke sa saurayi mai lisans ya zauna da dare a ɗakin laka yana kallon hotunan teku. Fushinsa halal ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu manya mu ɗauki wannan fushi mu mayar da shi hujjar tura shi ko'ina, kamar duk wurin da ba nan ba ya fi nan. Wahalar gida ba ta ƙara wa tsibirin Sal ko gurbin aiki ɗaya ba.

Akwai kuma abin da 2020 ta koya wa duk mai son koyo. Yawon buɗe ido shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin Kap-Ber, a Sal da Boa Vista kuwa kusan shi ne komai. Da cutar korona ta rufe filayen jiragen Turai, otel-otel suka rufe, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da fiye da kashi 14 cikin 100 a shekara ɗaya, ɗaya daga cikin faɗuwa mafi muni a nahiyar. Ɗan ƙasa ya koma tsibirinsu wurin uwarsa, ko ɗan'uwansa da ke Amurka ya aiko masa da wani abu. Baƙo fa? Harka ta farfaɗo, a 2023 baƙin da suka ziyarci ƙasar sun haura miliyan ɗaya, na yarda. Amma abincin mutum ya rataya ne a kan ko wani ma'aikaci a Manchester zai iya biyan hutu bana. Manyan otel ɗin kuma na kamfanonin Turai ne, irin su RIU da Meliá na Sifaniya, tsarinsu shi ne baƙo ya biya komai tun daga gida, ci da sha da kwana, ya shiga harabar ya zauna mako guda. Wanda ke tunanin in aikin otel bai yiwu ba zai kasa kaya a bakin titi, ya sani cewa titunan Santa Maria cike suke da ƴan Senegal masu sayar da zannuwa da sassaƙe-sassaƙe, suna bin Bature ɗaya su biyar.

Takardu kuma su ne inda nake zargin mai saƙon murya zai ci kuɗin garka. Kap-Ber tana cikin CEDEAO. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙungiyar damar shiga ba biza ya zauna kwana 90, amma ko a lokacin da muke ciki, wannan dama ta shiga ce kawai, izinin zama da na aiki daban ake nemansu, kuma yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon mayar da wanda dokarta ba ta amince da shi ba. Jami'in filin jirgi yana iya tambayar tikitin komawa, da adireshin masauki, da kuɗin da za ka ci. Yanzu kuwa Nijar ta fita daga CEDEAO tun 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta zirga-zirgar mutanenmu har sai an sanar da wani abu daban. Ba siyasar fita ko zama nake yi a nan ba, wannan maganar wata rana ce. Abin da nake cewa shi ne rayuwar yaro ba ta ginuwa a kan "har sai an sanar". Na tambayi yaron: ina takardar kwantaragi mai sunan otel, mai sa hannu, mai lambar da za mu kira? Ya ce mutumin ya ce sai an biya rabi tukuna. Na ce: "To ɗana, wa ya taɓa sayen sa a cikin rijiya?"

Wani abokin aikina, wanda ya fi sauran karatu, ya kawo hujja mai nauyi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ya ce ƴan Kap-Ber da kansu suna ficewa, musamman tun yarjejeniyar zirga-zirga da ƙasashe masu harshen Fotugal suka sa wa hannu a Luanda a 2021, don haka ana ƙarancin ma'aikata a otel da gini, gurbi ya buɗe wa baƙo. Haka ne. Ya kuma ce ƙasa ce mai zaman lafiya, ana zaɓe ana miƙa mulki ba tashin hankali tun 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairun 2024 cewa ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, abin da mu ko mafarkinsa ba mu fara ba. Wannan ma haka ne, ina kuma girmama su a kai. Amma ka juya hujjar ta farko ka dube ta da kyau. Ƴan asalin Kap-Ber da ke zaune a waje, a Amurka da Fotugal da Holan da Faransa da Senegal, sun fi waɗanda ke cikin ƙasar yawa. Saurayin da aka haifa a Sal, mai jin harshen, mai dangi, mai takardar ɗan ƙasa, ya duba aikin nan ya ga ba zai kai shi ko'ina ba, ya tattara ya tafi Lisbon. Gurbin da ya bari shi ne ake tallata wa ɗanmu a matsayin sa'a. In mai gida ya fita ta taga da gudu, baƙo ya tsaya ya tambaya kafin ya shiga ta ƙofa.

Na san kuma abin da wasu samarin ke ɓoyewa a ciki: tsibirin matakala ce, daga can sai Turai. Su sake duba taswira. Tsibiran Kanari na Sifaniya suna arewa da nisan fiye da kilomita 1,000, Kap-Ber kuma tana da yarjejeniya da Tarayyar Turai ta karɓar waɗanda aka mayar. Kwale-kwalen da ke isa gaɓarta galibi waɗanda suka ɓata ne. A watan Agustan 2023 an tsinci ɗaya kusa da Sal, ya taso daga Fass Boye ta Senegal da mutum kusan ɗari, 38 kawai aka samu da rai bayan fiye da wata guda a kan ruwa.

Ci-rani ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Kakanninmu sun je Kumasi da ƙafa, iyayenmu sun je Legas da Abijan, ƙannenmu suna Libiya da Aljeriya. Amma duk waɗannan wurare hanya ta haɗa mu da su. In abu ya ɓaci mutum yana sayar da salularsa ya hau mota, ko ya laɓe a bayan tirela, ko ya je zango wurin sarkin Hausawa a yi masa karo-karo. Daga tsibiri babu tasha. Hanyar fita tikitin jirgin sama ce zuwa Dakar, sannan a fara maganar gida, kuma wanda albashinsa ke ƙarewa ranar ashirin ga wata ba ya tara kuɗin tikiti. Haka mutum ke zama shekara biyar a wurin da ya je da niyyar shekara ɗaya, yana turo hoton kansa a bakin teku da rigar aro, don kunya ba ta barinsa ya ce wa uban da ya sayar da garka abin bai yiwu ba. Ƙanensa kuma ya ga hoton, ya fara nasa lissafin.

Ban ce komai ba tukuna kan zaman kansa. A can akwai kalmar mandjaku, asalinta sunan wata ƙabila ce ta Gine Bisau, amma ana kiran duk baƙar fatar da ya fito daga nahiyar da ita, ɗan Senegal ne ko ɗan Najeriya, kuma da yawa daga waɗanda ake kira da ita suna jin ta a matsayin raini. Mafi yawan mutanen ƙasar Kiristoci ne ƴan Katolika, Musulmi kaɗan ne kuma galibinsu baƙi. Abincin da suka fi alfahari da shi, cachupa, na masara da wake, sau da yawa da naman alade ake dafa shi. Mutum yana iya riƙe addininsa a ko'ina, amma uwa ta san wannan kafin ta sa albarka.

Laifin da ya fi ci mini rai namu ne, mu masu alli. Ni na koya wa yaron nan labarin ƙasa. Na sa shi ya haddace sunayen ƙasashen yammacin Afirka da manyan biranensu, ya rera mini su ba kuskure, na ba shi goma bisa goma. Ban taɓa koya masa ya dubi ƙasa ya tambayi mutum nawa ne a cikinta, me suke ci, daga ina yake zuwa, wa ke ɗaukar aiki, da wane harshe ba. Na koya masa lissafin kashi cikin ɗari, ban taɓa sa shi ya cire kuɗin haya daga albashi ba. Mun fitar da yara masu diplom waɗanda saƙon murya na minti biyu ke iya kwashewa, sannan in sun zo neman shawara mu ce musu "me ya rage a nan", don mu ma a zuci muna son tafiyar, shekaru da iyali ne suka ɗaure mu. Malamin da ya ce wa yaro ya tafi, gajiyarsa ce ke magana, yaron kuma yana ɗauka ilimi ne.

Akwai wanda zan ce wa ya tafi, har in raka shi tasha. Wanda ke da sana'ar da ƙaramin tsibiri ba ya iya horar da isassun masu yinta: mai gyaran injin sanyi, mai haɗa wutar hasken rana, mai walda na ƙwarai, ma'aikacin jinya da aka tantance takardunsa. Wanda ya zauna wata shida ya koyi harshen Fotugal har yana iya rubuta wasiƙa. Wanda ke riƙe da kwantaragi a rubuce daga kamfanin da aka kira aka tabbatar, aka kuma faɗi inda zai kwana. Wanda kuɗin komawarsa ke ajiye a hannun wani amintacce, kuma ba gadon gidansu aka sayar aka haɗa su ba. Irin wannan ya je ya yi shekara biyu ko uku, ya ga duniya, ya dawo da harshe da ƙwarewa. Yaron dattijo ba ya da ko ɗaya daga cikin huɗun nan.

Da kwana bakwai suka cika na je na sami dattijon a garkar, yana ban ruwan albasa. Na ce: "Baba, ni dai ban yarda a sayar ba." Na ce a ba mai saƙon murya amsa ɗaya: ya turo sunan otel da kwantaragi, mu kira da kanmu, in ya tabbata sai a yi maganar kuɗi. Yaron ya tura saƙon a gabana, ransa a ɓace. Yau kwana tara ke nan, alamar shuɗi ta nuna an karanta, amsa ba ta zo ba. Dattijo ya mayar wa mai ciniki kuɗin kafin alƙalami. Yaron ya koma ƙauye ranar Lahadi bai biyo ta gidana ba, ƙanwarsa kuma ta ce mini ya fara magana da wani mutum daban, wannan karon a kan tsibirin Moris.